Nauyin Kawu Isyaku

Injin ya sake mutuwa a tsakiyar fili, karo na uku ke nan tun hantsi. Kawu Isyaku bai sauko ba. Ya ci gaba da zama a kan kujerar, hannu biyu a kan sitiyari, kai a sunkuye, don ya san ana kallonsa ta tagar bene.

Injin yankan ciyawa ne, irin wanda ake hawa, ja, mai taya huɗu da kujera ɗaya, ka ce tarakta ce da ba ta gama girma ba. Alhaji Sharhabilu, ɗan ƙanwar Kawu, shi ya sayo shi bara, lokacin da ya mayar da bayan gidansa na Sabon Garin Wudil wurin biki. Ya shimfiɗa ciyawa kore shar, ya ja fitilu, har daga Kano ake zuwa walima da ɗaukar hoto. Ciyawar damina kuwa ba ta jira, ka aske ta yau, jibi ta ɗago kai. Sai aka ce ai ga Kawu nan zaune a ɗakin bakin ƙofa ba ya komai, ya riƙa ɗan motsa jini mana.

Motsa jini, haka aka kira shi. Alhali ranar da aka ɗauko tsohon daga ƙauyensu Indabo bayan rasuwar matarsa Hansai, cewa aka yi ya zo ya huta. Ba shi da ɗa a raye, ɗakinsa na can kuma ruwan bara ya kwantar da shi har ƙasa. In ba gidan nan ba, ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

A gaskiya ma shi bai ƙi aikin ba. Mutumin da ya yi shekara sittin yana duƙe da fartanya, a ce yau ya zauna a kujera ciyawa na zubewa a bayansa? Kwana biyu aka koya masa ya iya: ka taka birki, ka murɗa makulli, ka saki birki a hankali, ka ja sandar da ke kunna wuƙa. Bara kaf shi da injin ba a taɓa jin kansu ba. Bana ne abin ya sauya. Da farko sai ya hau ɗan tudu injin yake shaƙewa. Daga baya ko a shimfiɗe sai ya yi tari ya tsaya. Yanzu kuwa yakan tashi lafiya lau, da ya ɗage ƙafa daga birki sai ya yi ɗif.

Alhaji ya sauko daga bene yana gyara hannun riga.

"Kawu, yau ma?"

"Yau ma, Alhaji. Wallahi yadda aka koya mini nake yi."

Da can Sharu yake kiransa, tun yana goya shi a wuya zuwa gona. Tunda ya zo gidan nan bakinsa ya kasa furta sunan, sai Alhaji.

"Sauko in gani."

Kawu ya dafa sitiyari ya sauko. Alhaji ya haye, kujerar ta yi ƙasa da shi, don Allah ya ba shi jiki. Ya murɗa makulli, injin ya kama, ya saki birki, ya zaga fili sau ɗaya ciyawa na tashi a bayansa. Ko tari bai yi ba. Ya dawo ya tsaya a gaban tsohon, bai ma kashe ba, ya ɗaga murya a kan ƙarar.

"Ga shi yana tafiya! Kawu, in ka gaji da aikin ka faɗa mini kai tsaye. Ba sai an riƙa ɗora wa ƙarfe laifi ba."

Kunya ta rufe Kawu Isyaku har ya rasa inda zai sa idonsa. Ƙarya ake ce masa ya yi, a fakaice, kuma abin da ido ya gani ya goyi bayan mai faɗa. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya koma ya hau. Bai yi taku biyar ba injin ya mutu. Alhaji ya yi tsaki ya shige gida.

To, akwai wani abu da ke tafiya a gidan nan tare da maganar inji, wanda ba mai ɗaga shi. Maganar kwano ce.

Hajiya Sharifa, matar Alhaji, ita ke zuba abincin Kawu, ta ajiye a kan dakalin bayan kicin, shi kuma ya zo ya ɗauka. Shi Kawu mutumin Indabo ne na da. A tarbiyyarsu babba ba ya suɗe kwano. Komai daɗin tuwo, komai yunwa, sai ka bar loma biyu ko uku a gefe, don yaran gida su samu ragowar babba, don kuma kada a ce kai mayunwaci ne. Haka ya ga ubansa yana yi, haka ya yi duk zamansa da Hansai. Amma gidan Alhaji ba yaron da ke jiran ragowar kowa, 'ya'yan suna makarantar kwana, ko suna nan ma ba za su taɓa ba. Kwanon kicin yake komawa. Hajiya ta buɗe, ta ga loma uku, ta ce, "Ashe yawa yake yi masa." Gobe ta rage loma uku.

Washegari Kawu ya buɗe kwano ya ga tuwon ya ja baya. Ya ci, ya bar loma biyu, don ba zai fara suɗe kwano a gidan suruka da furfurarsa ba. Hajiya ta buɗe, ta ga saura, ta sake ragewa. Haka aka yi ta yi tun bayan babbar Sallah. Malmala biyu ta koma ɗaya, ɗayar ta koma rabi, aka sauya masa kwano zuwa ƙarami, wai babban yana sa abinci saurin hucewa.

Kada wani ya ce Hajiya ba ta san al'adar ba. Haba! A ƙauyen Utai aka haife ta, ita ma ta ci ragowar kakanta, ta yi kokawa a kanta ma. Ta sani sarai. Abin da ta samu shi ne hujja, kuma hujja in ta zo wa mutum daidai da son ransa ba ya tambayar ta daga ina take. In ƙawayenta sun zo sai ta ce, "Tsohon nan ba ya ci, wallahi kullum sai na zubar. Ga tsadar nan da ake ciki, almubazzaranci kuma haramun ne." Su ce ai haka tsofaffi suke.

Aka kira Nu'uman, makanikin da ke gyaran injinan ban ruwa da janareto a kusa da gada. Dattijo ne mai ƙiba, gemunsa ya fara fari, ba ya son yawan magana. Ya gaida Kawu har ƙasa, ya buɗe murfin inji, ya kwance filogi ya duba, ya kankare shi, ya busa. Ya wanke kabireta da fetur, ya karkaɗe matatar iska, ya ɗaure kan batir. Sannan ya hau, ya zaga fili sau biyu.

"Ya yi, Alhaji. Datti ne kawai."

Ko gada bai kai ba injin ya mutu a ƙarƙashin Kawu.

Zuwansa na biyu ya zuƙe man da ke tanki a gora, ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ya ce, "Akwai ɗan ruwa a ƙasa. Da damina yakan faru, ko daga jarka, ko daga wurin masu sayarwa." Ya zuba sabo, ya hau, ya zaga, ya tafi. Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ko harafi ba. Amma kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida ta fito da wata kama.

Kawu yana alwala a bakin famfo ya jiyo Hajiya ta tagar kicin.

"Ruwa a cikin fetur, Alhaji? Wa ke riƙe da jarkar? Ni dai ban ce komai ba. Amma mutum kullum da yamma ya ce zai miƙe ƙafa zuwa bakin titi, masu babur kuwa ba sa tambayar inda mai ya fito."

"Kawuna ne fa, Sharifa."

"Shi ya sa na yi shiru."

Butar ta kusa suɓuce masa. Shi, Isyaku, da ko zangarniya ɗaya ta gonar maƙwabci bai taɓa karya ba? Ya jira ya ji Alhaji ya daka mata tsawa. Bai ji ba. Da magariba sai ga Alhaji da kansa ya zo ya ɗauke jarkar daga ƙofar ɗakinsa, yana cewa wai ajiye fetur kusa da inda mutum ke kwana haɗari ne. Kawu ya ce, "Gaskiya ne." Ya taya shi ɗaure murfin.

Daga makon nan shayin safe ya ɗauke. Hajiya ta ce ta ji likita a rediyo yana cewa sukari guba ne ga wanda ya haura saba'in. Burodin ma ya bi shayin, don wa zai ci burodi gaya? Ya zama sai azahar kwano zai fito, sai kuma bayan magariba. Ranar da aka yi baƙi a cikin gida, na azahar ɗin kan manta hanya, Hajiya ta ce kai, ayyuka ne suka sha mata kai, ai da ya yi magana.

Ya yi magana ya ce me? Ya tsaya a ƙofar kicin ɗin matar ɗan ƙanwarsa ya ce yunwa yake ji? Gara ƙasa ta tsage. Sai ya ƙara wa tazugensa ƙulli. Rigar da aka ɗinka masa da Sallah ta koma rataye a kafaɗa. In ya ɗago daga ruku'u sai masallacin ya juya masa, har ya koma yin salla a zaune, a sahun baya, kusa da bango. Mutanen unguwa suka fara tambaya.

"Kawu, lafiya kuwa? Ka faɗa da yawa."

"Tsufa ne, ɗan nan. Tsufa ba ya barin nama."

"Ai kai ka gode Allah. Alhaji ya ɗauke maka nauyin komai, ci da sha da wurin kwana. 'Ya'yan yanzu nawa ne za su yi haka?"

"Wallahi kuwa. Allah ya saka masa."

Wata safiya mai ƙosan ƙofar masallaci ta ƙunsa masa guda biyar a takarda, ta ce sadaka ce ta mahaifiyarta. Ƙamshin ya bugi hancinsa har yawu ya cika masa baki. Ya duba hagu da dama, ya ga idon mutane, ya tuna gobe za a ce kawun Alhaji Sharhabilu yana karɓar sadakar ƙosai a titi. Ya ce mata ya karya tun ɗazu, ta ba mabuƙata. Ya koma ɗaki ya sha ruwa kofi biyu ya kwanta rub da ciki.

Ciyawa dai ba ta san ana wannan ba. Ta kai idon sawu, ta wuce. Ranar Laraba Alhaji ya tsaya a bakin ɗakin Kawu, bai shiga ba. Rabon da ya shiga ɗakin nan tun ranar da aka shimfiɗa ledar ƙasa.

"Kawu, Asabar akwai walima, manyan mutane ne daga Kano. Ni ba zan bar ofis in zo ina yankan ciyawa ba, ina da mutunci a garin nan. In Juma'a ta wuce filin nan bai kwanta ba, zan sa direba ya kai ka Indabo, in nemo wanda zai iya."

"Indabo, Alhaji? Ai ɗakin ya faɗi."

"Ba za a rasa inda za a raɓa ka ba, dangi ne fa cike da gari. Kuma ba kora ba ce, kada ka ɗauke ta haka. Hutawa za ka je ka yi. Ni ma ina da nauyi a kaina, Kawu, abubuwa sun yi mini yawa."

Kawu ya san dangin. Ya kuma san Hajiya ta riga ta yi waya da matansu, maganar fetur ta isa Indabo kafin shi. Zai sauka daga mota da ƙullin kayansa, a gaishe shi, a ba shi tabarma a zauren wani, in ya juya baya a nuna shi da baki: ga wanda aka kora daga gidan ɗan ƙanwarsa saboda ɗan hali. A shekara saba'in da huɗu. Abin da ya fi tsoro ke nan, ya fi masa yunwar ciwo.

Ranar Alhamis ya ɗauko tsohon laujensa da ya zo da shi daga gida, ya wasa a bakin dakali, ya duƙa a kusurwar fili. In inji ya ƙi shi, hannu ai bai ƙi shi ba. Ya yanki abin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, sai gabansa ya yi duhu, ya tsinci kansa a durƙushe, goshi a cikin ciyawa. Da ya ɗago, Hajiya ce a taga.

"Kawu, don Allah bari! Dubi yadda ka yi wa ciyawar nan askin gardama, wani wuri tudu wani wuri kwari. A nan fa amarya za ta tsaya a ɗauke ta hoto."

Ya ce ta yi haƙuri. Ya mayar da laujen ƙarƙashin gado.

Safiyar Juma'a, manyan motoci na ta wucewa zuwa kara, kasuwar shanu, Nu'uman ya zo karo na uku. Ransa a ɓace yake, don Alhaji ya gaya masa a waya cewa ko dai bai iya aikinsa ba ne. Ya ajiye jakar kayan aiki, bai buɗe ba. Ya tsaya yana kallon injin, ya kalli Alhaji, ya kalli Kawu da ke raɓe a jikin bango.

"Alhaji, duk zuwan da nake yi ni nake hawa, kuma bai taɓa mutu mini ba. Kai ma ka ce bai taɓa mutu maka ba. Yau Baba ne zai hau, ni in tsaya a ƙasa in gani."

Kawu ya hau da ƙyar. Ya taka birki, ya murɗa makulli, injin ya kama. Ya ɗage ƙafa. Ɗif.

"Sake, Baba."

Ya sake. Ɗif.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Akwai abin da yake taɓawa."

"Ba abin da ya taɓa, ina kallon hannunsa." Nu'uman ya matso. "Baba, sake tayarwa. Zan dafa ka, ka yi haƙuri."

Ya ɗora tafinsa a kafaɗar tsohon ya danna ƙasa. Kawu ya ji hannun ya ɗan yi jim, kamar mai shi ya taɓa abin da bai zata ba, don ƙashi ne kawai a ƙarƙashin rigar. Ya saki birki. Injin ya ci gaba da ruri, ya fara tafiya, Nu'uman na biye da shi yana danne da kafaɗar. Taku goma, taku ashirin. Sai ya ɗauke hannunsa. Nan take injin ya mutu.

Nu'uman ya kama Kawu ya sauko da shi, ya ɗaga kujerar ta kifa gaba, ya nuna wani ɗan baƙin makunni da wayoyi biyu a ƙarƙashinta.

"Ka ga wannan, Alhaji? Waɗanda suka ƙera injin sun sa shi ne don tsaro. In mutum ya zauna, nauyinsa ya danna shi, inji ya san akwai direba. In mutum ya faɗo, ko ƙaramin yaro ya hau, sai ya kashe kansa, don kada wuƙa ta ci gaba da juyawa. Filogi lafiya, kabireta lafiya, mai lafiya. Tun farko ba abin da ya sami injin nan." Ya sauke murya. "Kujerar ce ba ta jin nauyin Baba."

Maganar ta faɗo tsakar fili da ma'anarta biyu, kuma kowa ya ji duka biyun. Alhaji ya gyara tsayuwa.

"Ai bara tana ji."

"Bara kam tana ji."

"To makunnin ne ya lalace."

Nu'uman ya danna shi da babban yatsa, ya yi ƙas, ya saki, ya yi ƙas. "Ƙalau yake. Shi dai a wurinsa, in Baba ya zauna, ba kowa a kai."

Kawu Isyaku ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Abin da ya yi wata huɗu yana ɓoyewa a ƙarƙashin riga, wanda ya ɓoye wa liman da mai ƙosai da duk unguwa, ga ƙarfe ya tona shi a gaban baƙo. Ya saci kallon Alhaji. Fuskar ta yi nauyi, gumi ya tsatso a goshi, idon yana kan wuyan Kawu, kan hannayensa, kamar yau ya fara ganinsu. Na ɗan lokaci Kawu ya ga Sharu, yaron da in ya yi laifi leɓensa na ƙasa ke rawa. Tausayinsa ya kama shi. Wannan makaniki a bakin gada yake aiki, inda duk Wudil ke wucewa, in ya buɗe baki mutuncin Sharu ya zube.

"Azumi nake yi," in ji Kawu. Muryarsa ta fito siririya. "Na nafila. Tun rasuwar mai ɗakina nake yawan yi. Laifina ne, su suna ba ni, ni ne ba na ci."

Wayyo, da ka ga yadda Alhaji ya cafke maganar nan!

"Ka ji ko! Ka ji irinta! Kullum ina yi masa faɗa, Kawu ka sassauta wa kanka, addini sauƙi ne, ba ya ji."

Daga taga Hajiya ta ce, "Wallahi ko jiya sai da ya rage abinci. A tambaye shi."

Nu'uman ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya karɓa, Baba," bai yarda sun haɗa ido ba.

Alhaji ya duba agogo. Murya ta dawo masa. "To, tunda an gano, sai a haɗe wayoyin nan biyu kai tsaye a huta. Minti nawa ne?"

"Minti ɗaya ne. Amma ba da hannuna ba."

"Kamar yaya?"

"Mutumin da na ga yana layi kafin ya hau, in jiri ya kwashe shi ya faɗo, wuƙar nan ba za ta tsaya ba, ta kansa za ta bi. Ka nemi wani ya yi maka, ni ina da 'ya'ya, ina kuma da kabari a gabana."

"To yaya kake so a yi? Gobe taro!"

Nu'uman ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. "A ƙara masa nauyi, Alhaji. Shi ke nan gyaran."

Ko jariri ya san abin da bawan Allahn nan yake nufi. Alhaji ya fara waige-waige a filin. Ya kalli bulo a jikin katanga, ya ce wannan zai yaga kujera. Ya kalli tsohon batir, ya ce ruwansa zai ci fenti. Sai ya juya ya nufi cikin gida, aka ji yana cewa, "Sharifa, ba ni makullin sito." Jim kaɗan ya fito yana nishi, rungume da rabin buhun shinkafa.

"Hau, Kawu."

Kawu ya hau. Alhaji ya ɗora masa buhun a cinya, ya gyara shi ya zauna daidai tsakanin cikinsa da sitiyari. Kujerar ta yi ƙasa, aka ji ɗan makunnin ya yi ƙas.

"Alhaji," in ji Nu'uman, "ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi." Alhaji bai dube shi ba, yana karkaɗe gaban rigarsa. "Taro gobe ne."

Nu'uman ya ɗauki jakarsa da bai buɗe ba. Ya zo gaban injin ya rusuna wa Kawu. Ya fita bai yi wa mai gidan sallama ba.

Kawu ya taka birki, ya murɗa makulli, ya saki. Injin ya tafi sumul. Ya ja sandar wuƙa, ciyawa ta fara zubewa. Ya kai ƙarshen fili ya juyo, ya hau ɗan tudun nan da ya saba kashe shi, ko gezau. Alhaji ya tafa hannu sau ɗaya.

"Yauwa! Ka ga ba inda za ka je, Kawu. Maganar Indabo ta wuce, a bar ta." Ya shiga ya sauya kaya, ya fito cikin ƙamshin turare, mota ta ɗauke shi zuwa masallacin Juma'a.

Maganar fetur kuwa ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ba a ma tuna da ita ba.

Haka tsohon nan ya yi ta kai da kawowa, layi bayan layi, rana na dukan buhun, ƙamshin ɗanyar shinkafa na tasowa yana shiga hancinsa, shi kuwa rabonsa da abinci tun rabin malmalar jiya. Ya ji kiran salla, bai tsaya ba. Ya ji an tayar, an sallame. Cinyoyinsa suka yi zafi, suka yi tsami, daga baya ya daina jin su gaba ɗaya. Abin takaici, wani sashe na zuciyarsa murna yake yi. Ba za a kai shi Indabo ba. Ya ji kunyar murnar, amma bai iya hana ta ba.

Irin wannan gida ba ɗaya ba ne a garin nan. Za ka ga tsoho a ɗakin bakin ƙofa, da rigar Sallah mai kyau, kowa na sa wa mai gidan albarka don ya riƙe shi. Ba a zage shi ba, ba a doke shi ba, ba wanda ya taɓa ce masa kada ya ci. An dai san ba zai tambaya ba, sai aka zauna a kan wannan sanin.

Wajen la'asar ya gama layin ƙarshe. Fili ya kwanta lumui, har inda ya yi wa askin lauje ya ɓace. Gabas ta haɗe, iska ta fara kaɗa fitilun da aka rataya. Ya kawo injin gindin katanga ya kashe. Taga ta buɗe.

"Sannu da aiki, Kawu. Don Allah a dawo mini da shinkafar nan sito kafin ruwan nan ya sauko, ita za a dafa wa baƙi gobe."

"To, Hajiya."

Taga ta rufe. Ya sa hannu biyu ƙarƙashin buhun ya yunƙura. Bai motsa ba. Ya ja numfashi ya sake, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, buhun ya ɗan ɗaga ya koma. Zai iya ture shi ƙasa, amma in ya fashe fa, ko ya faɗa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa? Ya dubi ƙofar gida, Alhaji bai dawo ba. Ya dubi tagar. Kira ɗaya zai yi ta ji, amma ya ce mata me, ya kasa ɗaga rabin buhu?

Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin injin, na biyu a bayan hannunsa. Kawu Isyaku ya jawo gaban rigarsa ya lulluɓe buhun, ya duƙa a kansa ya rufe shi da ƙirjinsa, ya ba ruwan baya, kada a ce shi ya jiƙa musu shinkafa.